Shekarar da babanku ya hana Ishaku tafiya

Naomi da Dauda, kun taso kuna jin ana cewa babanku ya ɗauki gurbin ɗansa na cikinsa ya ba ɗan wasu. An faɗa a majami'a, an faɗa a unguwa, kuma na san ke Naomi kin taɓa faɗa wa mijinki haka, don shi da kansa ya tambaye ni. Lokacin da abin ya faru kina firamare, Dauda ko makaranta bai shiga ba. Ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin ba, saboda babanku ba ya son a tayar da maganar, yayanku Ishaku ma ba ya so. Yanzu babanku ya riga mu gidan gaskiya, ni kuma idona ya fara gajiya da zaren allura, to bari in rubuta yadda aka yi tun ina iya riƙe biro.

Ƙwallon gora, wadda 'yan makaranta ke ce wa hoki, a kwalejin horon malamai babanku ya koye ta. Da aka turo shi Bungudu a matsayin malamin wasanni, sai ya tarar da sandunan wasan jibge a wani ɗakin ajiya, gara ta ci rabinsu. Ya zaɓi masu sauran ƙarfi, ya ɗaure su da robar tayar keke, ya sa ɗalibai suka share wani fili a bayan azuzuwa. Mutanen gari na wucewa suna dariya, wai ga malamin nan ɗan kudancin Kaduna yana koya wa yara bin dutse da sanda. A wannan garin ya kawo ni amarya, a nan muka haifi Ishaku, wanda da guntuwar sanda ya koyi tafiya, yana dogara ta kamar tsoho. Da Gusau ta zama babban birnin jiha aka ɗauke babanku zuwa ofishin wasanni, muka kama gidan nan na Tudun Wada. Daga nan sunansa na Yohanna ya kusan ɓacewa, kowa sai Koci. Ni kuwa na kafa keken ɗinkina a zaure, kuma babu wandon ɗan wasansa ko ɗaya da bai bi ta ƙarƙashin allurata ba.

Kan babur yake zagaya makarantu yana neman yara. A Tsafe ya ga Sanusi, ɗan wani manomi na 'Yankuzo mai suna Malam Garba. Dogo ne, marar magana, ya girmi Ishaku da shekara biyu. Da ya gama makaranta ba shi da wurin zama a Gusau, sai babanku ya kawo shi gida, muka ba shi ɗaki ɗaya da Ishaku. Da farko na ɗan yi ɗari-ɗari, ina tunanin yadda ɗan Musulmi zai zauna da mu ba tare da an takura masa ba. Ashe ba abin damuwa ba ne. Ya shimfiɗa buzunsa a gefe guda, in za mu tafi majami'a ranar Lahadi shi ke tsare gida, da azumi kuma nakan dama masa kunu in ajiye kafin a sha ruwa. Mama yake ce min, kamar ku. Ke Naomi shi ya koya miki hawa keke, ko kin manta.

A fili kuwa sun bambanta. Ishaku ɗan gaba ne, in ya ɗauki ƙwallo a bakin sandarsa sai ka ga kamar an liƙa ta, ya bi ta tsakanin mutum uku ya fita. Saboda shi masu acaba ke ajiye baburansu su tsaya kallo. Sanusi ɗan baya ne, ba a tafa masa, ba a kiran sunansa. Amma babanku ya sha gaya min cewa in kana son sanin ɗan wasa, kada ka kalle shi lokacin da ƙwallo ke wurinsa, ka kalle shi bayan an ƙwace ta. Ishaku in aka ƙwace masa sai ya tsaya, ya ɗaga hannu yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi. Sanusi in aka wuce shi, kafin ka ƙifta ido ya juya yana bin mutum, ko da ƙwallon nan mai taurin dutse ta fasa masa yatsa.

Shekarar da Ishaku ya gama sakandare, farkon damina, wani tsohon abokin babanku na kwaleji ya zo. Mista Sunday sunansa, yana riƙe da wani babban kulob a Legas, irin wanda ake biyan 'yan wasa albashi, suna buga wasa kan ciyawar roba da ake yayyafa wa ruwa. Babanku ya haɗa masa wasa tsakanin yaran Gusau da na Bungudu don ya gani da idonsa. Na rufe keke na je. Ishaku ya yi wasan da ban taɓa ganin ya yi ba, ya ci ƙwallaye har mutane suka riƙa shigowa fili. Can wajen ƙarshe wani ɗan Bungudu ya maƙale masa sanda, alƙali bai hura ba. Sai Ishaku ya yi jifa da sandarsa, ta yi tsalle ta kusan samun alƙalin a ƙafa. Aka fitar da shi ya zauna a waje, sauran suka ƙarasa babu shi. Duk da haka su suka yi nasara, aka ɗauko shi a kafaɗa, ba wanda ya ƙara tuna sandar sai mutum ɗaya.

Da la'asar Mista Sunday ya zo gida cin abinci. Ya taso a Jos, Hausarsa ras. Ina zuba musu tuwo ya buɗe maganar, don haka da kunnena na ji, ba labari aka ba ni ba.

“Yohanna, biyu nake so. Ɗanka, da dogon nan na baya. Wurin kwana akwai, abinci akwai. Su shirya kawai.”

Babanku ya wanke hannu, ya daɗe yana goge shi kafin ya amsa.

“Dogon na ba ka, in mahaifinsa ya yarda. Ishaku ka bar min shi shekara ɗaya.”

“Haba! Shi na fi so ai. Ka ga hannun yaron nan kuwa?”

“Ni na koya masa, na san hannunsa. Kai ka ga inda sandarsa ta faɗi?”

“Yara duk haka suke. Can za mu gyara shi.”

“Ba za ku gyara shi ba, Sunday, ba ku da lokacin gyara. Magidanta ne da kai, masu 'ya'ya, abincinsu na kan gurbin da yake nema. Ranar farko za su gane inda fushinsa yake, su yi ta taɓa wurin. Ka ajiye shi a benci, ya yi wata uku yana cin ransa, ya dawo min ba ya son ganin sanda. Na taɓa yin haka da wani yaro a Bungudu, na tura shi da wuri don ina alfahari da shi. Yau ko gaishe ni ba ya yi.”

Mista Sunday ya girgiza kai, ya ce ɗa nasa ne, ba zai yi masa gardama ba, baɗi war haka zai dawo ya ɗauke shi. Ya faɗa da zuciya ɗaya, na ga fuskarsa.

To kun ji. Gurbi biyu ne, ba ɗaya ba. Sanusi bai shiga wurin kowa ba, nasa ya shiga. Na Ishaku babanku ya bari a buɗe, da gangan, yana ganin ajiya ya yi. Mutanen unguwa sun ga ɗaya ya hau mota ɗaya ya zauna, suka haɗa labarinsu, mu kuma ba mu bi gida-gida muna gyarawa ba.

Washegari da safe babanku na tsakar gida yana naɗe mariƙin wata sanda, Ishaku ya fito ya tsaya a kansa. Ashe Mista Sunday ya gamu da shi a bakin titi, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi haƙuri sai baɗi.

“Baba, wai gaskiya ne ya ce yana so na, kai ka hana?”

“Gaskiya ne.”

“Me na yi?”

“Ba abin da ka yi. Ba ka gama ba ne.”

“Wa ya ci ƙwallayen jiya?”

“Kai ne. Wa ya bar 'yan uwansa suna gudun mutum biyu-biyu, shi yana zaune a waje?”

Ishaku ya kau da kai. Sannan ya ce:

“Da ɗan wani ne ni, da ka bar ni na tafi.”

“Da ɗan wani ne kai, da ubanka na je na gaya wa abin da nake gaya maka yanzu.”

Ni a lokacin bayan Ishaku nake, kuma ban ɓoye ba. Da yaron ya fita na ce wa babanku, Malam, yaro ya kawo ƙarfi, ka bar shi ya je ya gani da idonsa, in ya faɗi ai ƙofarmu a buɗe take. Ya ce, Rahila, irin faɗuwar da nake tsoro ba a tashi daga ita. Na ce to kai ne Allah da za ka san gobe? Bai ji haushi ba, ya ce shi bai san gobe ba, amma ya san ɗansa. Muka yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba tare da na zauna kusa ba. Gidan ya yi tsit. Sanusi ya fi kowa shiga damuwa, yana ta rakuɓewa kamar wanda ya yi sata. Na ji shi ta taga yana ce wa Ishaku in dai ba tare za su tafi ba shi ma ya fasa. Ishaku ya daka masa tsawa ya ce kada ya sake, in ya fasa to har abada babu shi babu shi.

Ranar da za a je neman izinin Malam Garba na bi su, domin mahaifiyar Sanusi ta daɗe tana aiko min da gaisuwa da daddawa ba mu taɓa haɗuwa ba. Daga Tsafe muka hau babura zuwa 'Yankuzo. Gero ya kai gwiwa, ko'ina shar. Muka sami dattijon a bakin gona, ya jingina fartanyarsa da wata bishiya, aka shimfiɗa mana tabarma. Ya saurari babanku har ya gama bai katse shi ba. Sannan ya ce:

“Malam Yohanna, na ji batunka. Amma in tambaye ka, naka ɗan hwa? An ce shi ma ana so nai. Mi ya sa ka riƙe naka, ka ce in saki nawa? In abin alheri na, ai da naka za ka hwara.”

Na sunkuyar da kai, don tambayar da ke raina ke nan, ta fito ta wata ƙofar. Babanku ya ce:

“Baba, nawa in an taɓa shi sai ya bar aiki ya tsaya ƙorafi. Naka in an taɓa shi sai ya ci gaba. Can wurin, irin naka ne ke ɗorewa. Nawa ma zai je, amma sai ya koyi abin da naka ya riga ya iya.”

Malam Garba ya juya ya kalli ɗansa da ke durƙushe can gefe, ya daɗe yana kallonsa.

“Wanga hali nashi da kaka yabo, shi nika tsoro. Yana ƙarami ƙaya ta shige mai ƙahwa, bai hwaɗa ma kowa ba sai da wurin ya yi ruwa, munka gani da kanmu. Can wa za ya duba shi?”

Babanku ya ce abokinsa ne ke riƙe da su, zai sa ido. Dattijon ya ce to, ya ba shi shi amana, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, muka shafa tare. Mahaifiyar Sanusi ta cika min ƙwarya da ƙwan zabi, ta riƙe hannuna har bakin hanya.

Ranar tafiya Ishaku ne ya ɗauki jakar Sanusi har tasha. Ya sa ta a but ɗin mota da kansa, suka rungumi juna, ya juyo gida bai jira motar ta tashi ba.

Abin da zan gaya muku yanzu shi ya fi yi min ciwo, domin yayanku bai yi zuciya ya watsar ba, kamar yadda ake faɗa. Ya yi abin da aka ce ya yi. Shekarar nan kaf, kafin in hura wuta ya fita gudu kan hanyar Bungudu, ya dawo rigarsa sharkaf. Babanku ya mayar da shi baya na wasu watanni, don ya ɗanɗana bin mutum, bai yi musu ba. Aka riƙa sa manyan yara su maƙale shi da gangan, alƙali ya kau da kai, sai ya cije ya juya da gudu. Akwai ranar da ƙwallo ta fasa masa gira, jini na zuba, ya ɗaure da ƙyalle ya koma. Ba ya yi wa babanku magana in ba ta wasa ba, amma duk abin da ya ce yana yi. Da damina ta sake kusantowa, wata rana babanku ya dawo daga fili, ya zauna a kan bencin zaure kusa da kekena, fuskarsa a sake, ya ce min yaron ya kai. Ya kira shi ya gaya masa a gabana. Sai na ga Ishaku ya shiga ya fito da takalmansa ya wanke, ya shanya a rana.

Mista Sunday bai zo ba. Da babanku ya same shi a waya, sai ya ce kamfanin da ke ɗaukar nauyin kulob ɗin ya canza shugabanni, sababbin ba su damu da ƙwallon gora ba, an hana ɗaukar kowa, waɗanda ke ciki ma rage su ake yi. Ya ba da haƙuri, ya ce a ƙara jira. Aka ƙara jira har wata shekara ta zagayo, shiru. Babanku ya shiga mota, ya je Kaduna, ya je Abuja, ya bi duk wanda ya sani a harkar. Kulob-kulob ɗin da ke biyan albashi ba su da yawa, kowa ya ce a cike yake. Daga ƙarshe wani ya yarda a kawo Ishaku gwaji. Ya je, ya yi kwanaki, ya dawo da jakarsa. A bakin ƙofa ya tarar da babanku.

“Sun ce ina da kyau, Baba. Sun ce matsalata ɗaya, ban saba da roba ba. Ƙwallon ta fi gudu a kai, kafin in tare ta wuce. Waɗanda suka ɗauka duk sun yi shekara biyu suna wasa a kanta.”

Mu uku mun san waɗanne shekaru biyu yake nufi. A duk jihar nan babu filin roba, babanku kuma ba shi da yadda zai koya masa abin da ƙasa ba ta koyarwa.

Bayan girbi Ishaku ya ce zai tafi Kaduna wurin kawunku ya koyi aikin wayarin wutar lantarki. Ban hana shi ba. Da safen da zai tafi ya ɗauko sandarsa, wadda babanku ya sayo masa sabuwa ranar da ya ce ya kai, ya jingina ta da bangon zaure.

“Ga ta nan, Baba. Ka ba wanda ya shirya.”

Babanku ya tashi. Ya raka shi har bakin titi, ya tare masa acaba.

Sanusi kuwa ya yi abin da babanku ya ce zai yi. Cikin waɗanda aka rage babu shi. Magidantan nan sun gwada shi sun gaji, ya zama ba a fara wasa ba shi, har aka kira shi sansanin da ake zaɓen waɗanda za su buga wa ƙasa. Duk sanda ya kira waya sai ya ce lafiya lau, komai lafiya. Ashe tun kafin sansanin ya murɗe gwiwa a wurin atisaye. Bai gaya wa kowa ba, don yana tsoron a ajiye shi a lokacin da ake sallamar mutane. Ya riƙa ɗaure ta tamau da bandeji a ƙarƙashin dogon wando, ya yi watanni yana wasa a haka, har ranar da ta ƙi ɗaukarsa a tsakiyar fili. Likita ya ce da an kawo shi tun farko da hutu kaɗai ya isa. Mista Sunday ya rantse bai sani ba, kuma na yarda, don yaron ko ɗingishi ba ya yi in ana kallonsa. Ya dawo Gusau da sandar dogarawa, ya sauka a gidanmu kafin ya wuce gida, yana ta ba babanku haƙuri kamar shi ya yi laifi.

Babanku ya tafi 'Yankuzo shi kaɗai. Da ya dawo na tambaye shi me dattijon ya ce. Ya ce ya tarbe shi da fara'a, ya ce haka Allah ya ƙaddara, ya sa aka kawo masa fura. Bai tuna masa maganar ƙaya ba, bai tuna masa amana ba. Babanku ya ce da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Yau Sanusi na sayar da hatsi a kasuwar Tsafe. Can ya kwaso iyayensa da zaman ƙauye ya gagara. Yana tafiya yana jan ƙafar, in sanyi ya shigo kuma sai ta kumbura. Kun san shi, shi ne mai kawo min gero duk kaka. Na taɓa tambayarsa ko yana da-na-sanin tafiyar. Ya yi dariya ya ce, Mama, ni ɗan 'Yankuzo na ga teku, na shiga jirgi, an kira sunana a lasifika, in ban da Koci wa zai kai ni? Ban san ko har zuciyarsa haka ne ba, domin kun ji halinsa.

Babanku ya ci gaba da koyarwa har ya yi ritaya, amma ya canza hanya. In wani ya zo neman yaro, sai ya kira yaron da mahaifinsa, ya zayyana musu duk abin da ya gani, ƙarfinsa da rauninsa da abin da zai tarar a can, sannan ya ce su je su yi shawara. Ko sun roƙe shi ya yanke musu, ba ya yankewa. Wasu sun tafi sun yi kyau, wasu sun dawo ba komai, wasu sun zauna suna cizon yatsa. Ban ga alamar wannan hanyar ta fi waccan fitar da mutane ba, sai dai ta bar shi yana iya barci.

Tsakaninsa da Ishaku ba a taɓa yin faɗa ba, kuma kun shaida. Yakan zo da Kirsimeti da matarsa da yara, ya durƙusa ya gaida shi. Shi ya sake wa gidan nan waya gaba ɗaya, shi ya canza kwanon ɗakin babanku. Za su zauna su yi hirar rufi, da wutar lantarki, da tsadar taki, amma in aka sako wasa a talabijin ɗaya zai tashi. Na yi ta jiran ranar da ɗayansu zai fara, shekara na bin shekara. Da ciwon babanku ya yi tsanani aka kwantar da shi, Ishaku ya bar aikinsa ya zo. Shi ke yi masa aski, shi ke yanke masa farce, shi ke ɗaga shi. Wata rana da hantsi na ga jikin da ɗan sauƙi, sai na ce zan je sayen lemo, na fita na bar su su biyu, na zauna a kan dakali na ƙi dawowa da wuri. Da na shigo na tarar suna maganar fankar ɗakin, wai ƙarar da take yi daga ina take.

Ni ya gaya wa, bayan Ishaku ya fita karɓo magani. Ban tambaye shi ba, shi ya fara, idonsa na kan silin.

“Rahila, na iya gane wanda ya shirya da wanda bai shirya ba, har gobe ban janye ba. Abin da ban lissafa ba shi ne ko za a sake zuwa.”

Na ce ya gaya wa yaron haka mana. Ya ce zai gaya masa in ya ɗan ƙara samun ƙarfi. Bai ƙara samu ba.

Ban rubuta wannan don in wanke babanku ba, ban kuma rubuta don in ba yayanku gaskiya ba. Na zauna da su biyun, na ga kowanne yana son ɗayan, na kuma ga abin bai isa ya buɗe musu baki ba. Abin da nake so kawai ku daina cewa ya fifita bare. In kun gamu da Sanusi ku gaishe shi da kyau, bai ci na kowa ba.

Makon jiya Ishaku ya kira ni da rana, lokacin da ba ya saba kira. Kun san takwarata, babbar 'yarsa, tana gudu a makarantarsu. Ya ce wani koci ya zo har gida, yana so ya tafi da ita wani sansani mai nisa inda ake horar da masu gudu, ya ce irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Yarinyar ta ƙi cin abinci sai an bar ta. Shi kuma yana ganin ta yi ƙanƙanta, ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tare da uwarta ba. Ya ce sun ba shi zuwa ƙarshen wata.

“Mama, ke me kika gani?”

Na ce masa ni na ga wanda aka riƙe, na ga wanda aka saka, ban san wanne zan ce masa ba. Na ɗauka layin ya yanke, na cire wayar daga kunne na duba. Can na ji ya ja numfashi.

“Da yana nan,” ya ce, “da na tambaye shi.”